Yadda magidanci zai kwance wuyansa daga bashi, ɗaya bayan ɗaya

Shekara huɗu na yi ina bin doguwar hanya zuwa masallacin unguwarmu a Zango, cikin Damagaram, saboda gajeriyar ta bi ta ƙofar kantin da sunana ya cinye shafi uku na littafinsa. Ina da albashi a lokacin, yana shigowa ranar 28, kafin 2 ga wata babu ko dala a aljihuna. Da Allah ya fid da ni, abokan aiki suka riƙa zuwa ɗai-ɗai bayan isha'i, kowa da kunyarsa, mu shimfiɗa tabarma mu buɗe kaye. Na zauna da malaman lakkol, da ma'aikatan asibiti, da direbobi, da masu tebur a Kasuwar Dole. Hanyar da muke bi ita ce zan shimfiɗa maka.

A Amurka katin bashi ne ke ɗaure gidaje. Mutum ya yi sayayya da kuɗin banki, ƙarshen wata ya biya ɗan abin da aka wajabta masa, sauran ya ci gaba da haihuwa da ruwan da ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. A 2023 bashin katin mutanen ƙasar ya zarce dala tiriliyan 1. Mu nan yawancin katunanmu na cirar kuɗi ne a gishe, abin da ka ajiye shi kake ɗauka. Sai dai muna da ƴan'uwan wancan katin, halinsu ɗaya: abansin albashi, da dekuber da banki ke bari ka ci fiye da abin da ke asusunka, da littafin mai kanti. Dukansu suna sabunta kansu kowane wata ba tare da ka sake zuwa roƙo ba, shi ya sa mutum yake shekara biyar a ciki bai san ranar da ya shiga ba.

Kayan aiki

Ka sayi sabon kaye mai shafi 100 da bik biyu, shuɗi da ja. Kada ka yi amfani da bayan takardar magani ko tsohon kayen yara, za su ɓata. Ka nemo takardar albashinka ta wata uku da suka wuce, da takardar banki mai nuna shige da ficen kuɗi na waɗannan watannin. In kana da rancen banki, ka karɓo jadawalin biya, wanda suke kira tableau d'amortissement. Haƙƙinka ne, tare da kwantaragi ake ba da shi, kuma in naka ya ɓace ka nemi kwafi. Sai ambulan biyar ko ƴan ledoji, da gwangwani mai murfi na ajiyar ko-ta-kwana, da na'urar lissafin da ke cikin wayarka.

Wanda ba ya albashi, kamar ɗan kabu-kabu ko tela, ya rubuta cinikinsa na kowace rana tsawon sati huɗu kafin ya fara, ya ɗauki satin da ya fi rauni a matsayin ma'auni. Wanda boko bai zauna masa ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗa mai riƙon sirri ya rubuta.

Abu na ƙarshe shi ne mutum na biyu. Ga mai aure, matarsa ce.

1. Faɗa wa uwargida gaskiya

Nan mafi yawa suke tsayawa, kuma wanda ya tsallake wannan matakin yakan dawo mini bayan wata huɗu da sabon bashi. Dalili a fili yake: ita ke aiken yaro kanti, ita ke zuba adashi, ita ke ɗaukar ankon biki, kuma tana yin duk wannan ne bisa albashin da take zaton kana karɓa. Ni ranar da na nuna wa tawa jimilla ta daɗe ba ta ce komai ba, tana jujjuya bakin mayafinta. Can ta ce, "Malam, da ka faɗa mini tun bara, da ban karɓi atamfar nan biyu ba." Washegari ta mayar da guda.

Zaɓi dare bayan yara sun kwanta, ranar da babu faɗa tsakaninku. In mata biyu ne, kowacce ka zauna da ita a ranar girkinta, lissafi iri ɗaya, don kada wata ta ji a bakin wata. Ka tambaye ta nata basussukan ba tare da tsawa ba: mai kayan ɗaki, dillaliya, adashin da ta riga ta kwasa. Ke ma uwargida, in ke ce ke karanta wannan, ki fito da naki.

2. Rubuta kowane bashi a shafi ɗaya

Kowane layi ya ɗauki abu biyar: wa ke binka, nawa ya rage, nawa kake biya a wata, nawa ne ruwa ko kwamisho, da abin da zai faru in ba ka biya ba. Kada ka rubuta daga ƙwaƙwalwa. Je wurin mai kanti ku buɗe littafi tare, ku tara a gabanka. Kusan kullum abin da ke littafi ya fi abin da ke kanka.

Ga shafin wani malamin lakkol da muka yi aikin tare, albashinsa jika 150 (jika ɗaya sefa dubu ce):

- Banki: jika 35 a wata, saura wata 14, wato jika 490
- Abansi: jika 40 kowane wata, da kwamisho jika 2
- Mai ba da kuɗi da ruwa: jika 50, yana karɓar jika 5 duk wata
- Kanti: jika 62
- Haya: wata biyu, jika 40
- Sauran kuɗin ragon layya: jika 45
- Adashin da aka kwasa: jika 10 sau 5, jika 50
- Ƙanen matarsa: jika 30

Jimilla jika 807. Shi da ya zo, ce mini ya yi bai kai 600 ba.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne barin bashin dangi, wai na gida ne. Rubuta shi, domin irinsa ne ke raba zumunci a ɓoye. Kuɗin da ka ara hannun matarka shi ma bashi ne, dukiyarta tata ce. Masu harka da Kano ko Maigatari su rubuta da wane kuɗi aka ci bashin, naira ko sefa, kuma da wane za a biya, don canji yana motsi kuma na ga abokai sun ɓata a kan haka. In bashin hatsi ne, rubuta tiya nawa da watan biya. In an jinginar da gona ko fili, rubuta sunayen shaidu da inda takardar take.

3. Gano wanda ke cizo

Ɗauki jan bik. Duk bashin da ke ƙaruwa ko yake cin kuɗi ba tare da uwar ta ragu ba, ja masa layi. Lissafin ba shi da wuya: abin da kake biya na ruwa a wata, ka ninka sau 12, ka gwada da uwar kuɗin. Malamin nan wata 11 ya yi yana ba da jika 5. Ya biya 55 a kan bashin 50, kuma har ranar ana binsa 50 cif. Kashi 10 a wata kashi 120 ne a shekara. Don ka san nisan abin: ƙa'idar da ta fara aiki a 2014 a ƙasashen da ke ƙarƙashin BCEAO, wato babban bankinmu na sefa, ta hana bankuna a lokacin wuce kashi 15 a shekara, ƙananan cibiyoyin ba da rance kuma kashi 24. Wanda ke karɓar 120 ya saɓa wa dokar ƙasa, ya saɓa wa ta Allah, shi ya sa ba ya son takarda.

Abansi ya fi wayo, don ba ya kama da bashi. Jika 2 ba ta da zafi, amma jika 24 ce a shekara, kuma kana biyanta ne don a ba ka kuɗinka kafin lokacinsa. A takardar banki ka nemi layukan da aka rubuta agios ko commission, ka tara na wata uku. Da yawa ba su taɓa duba su ba.

4. Toshe ɓula kafin ka fara kwarfa

Daga yau babu sabon bashi. Je banki ka rubuta cewa a rufe maka dekuber, ko a rage shi. In kana da katin bashi na gaske, kamar masu fatauci zuwa waje, cire lambarsa daga waya, ka ba uwargida ta kulle a akwati, kuma ka riƙa biyan fiye da mafi ƙarancin da suke nema, don wannan mafi ƙarancin yawancinsa ruwa ne. Ka daina aron kiredi na waya. In katinka na albashi yana hannun mai binka, wanda abu ne da ke faruwa, karɓo shi na cikin abin da za ka fara nema a mataki na 6, kuma ranar da ya dawo ka canza lambar sirri.

Wurin mai kanti, a ja layi ƙarƙashin tsohon lissafi. Abin da za a saya daga yanzu, kuɗi hannu. Ka gaya wa yara da bakinka, a gabansa, cewa babu mai karɓar ko ashana da sunanka.

Abansi ba ya yankuwa rana ɗaya, kuma kada ka gwada, yunwa za ta mayar da kai. Sauko da shi kamar matakala: 40, sai 30, sai 20, sai 10.

5. Fitar da kuɗin yaƙi

Yanzu shafi na biyu. A sama rubuta abin da ke shigowa, a ƙasa abin da gida ba ya rayuwa sai da shi: hatsi, cefane, haya, ruwa, wuta, man babur, sabulu. A garin nan kada ka manta da ƴan ga-ruwa. In bazara ta yi, famfo ya ɗauke, kuɗin jarka kaɗai yana iya rusa lissafin wata, saboda haka ka sa masa kaso tun yanzu.

Malaminmu bayan banki, kwamisho, ruwan bashi, adashi da haya, jika 78 ta rage masa. Muka zauna da matarsa muka ga gidan zai iya tafiya da 65. Aka rage shayin majalisa da shi ke ɗaukar nauyinsa, aka rage kuɗin intanet, nama ya koma sau biyu a sati. Saura 13. Ya samu yara uku yana yi musu darasin yamma, jika 12. Kuɗin yaƙinsa, wato abin da zai riƙa kashe bashi da shi, ya zama 25 a wata.

Ranar albashi ka ciro kuɗin gida gaba ɗaya, ka raba cikin ambulan: hatsi, cefane, ruwa da wuta, man babur, lalura. Na cefane ka sake raba shi huɗu, sati-sati, ka miƙa wa uwargida. In na sati ya ƙare ran Laraba, a yi haƙuri da miyar kuka har Juma'a, kada a taɓa na gaba. Mai samun kuɗin yini ya yi rabon nan kowane dare, ko dala arba'in ce ta shiga gwangwani.

Kada ka matse gida har a ji yunwa don a burge mai bashi. Abincin yara da maganin mai ciwo suna gaba da kowa. In ka yi duk lissafin ka ga babu abin da ya rage, to matsalarka ta shigar kuɗi ce, sai a duba abin sayarwa. Shi malamin babbar wayarsa ya sayar jika 30 ya koma ƙarama. Abin da kake neman abinci da shi, kamar babur ko keken ɗinki, kada ka sayar. Akuyar matarka ko zinarinta kuma sai da yardarta, kuma a rubuta.

6. Je ka same su da ƙafarka

Mai bin bashi ya fi jin haushin ɓuya fiye da rashin biya. Kashe waya da aiko yaro ya ce ba ka nan, su ne ke kai magana wurin mai unguwa. Ka je da kanka, lokacin da babu jama'a, da ɗan abu a hannu ko jika 2 ce. Ga yadda na yi wa nawa mai kantin, bayan sallar asuba yana buɗe ƙofa:

"Alhaji, na san na daɗe ina kauce maka, ka yafe mini. Ga wannan. Daga yanzu duk 29 ga wata zan kawo jika 5 har mu rabu lafiya."

Ya dube ni ya ce, "Malam, ai da ka zo tuntuni. Ni gaisuwar da ka daina ce ta fi damuna."

Faɗi abin da za ka iya ko a watan da ya fi tsanani. Alkawarin jika 5 da ake cikawa ya fi na 20 da za a saɓa a wata na biyu, domin in ka saɓa sau ɗaya ba za a sake sauraronka ba. Duk abin da kuka shirya a rubuta, kowa ya sa hannu, da shaidu biyu. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Kowane biya kuma a rubuta shi a kayenka da littafinsa a lokaci guda. In ta Nita ko Al Izza ka aika, manna rasit a kaye.

Mai kuɗin ruwa kada ka je masa kai kaɗai. Tafi da dattijo ko limamin unguwa, ka nuna abin da ka riga ka biya, ka nemi a tsayar da ruwa a karɓi uwar kuɗi. Da yawansu suna yarda in sun ga manya, don ba sa son maganar ta kai gaban alƙali ko jami'an tsaro.

Banki ma ana magana da shi, amma kafin ka faɗi biya, ba bayan ka faɗi ba. Rubuta takarda ka nemi a sake tsara biyan. Ka sani cewa bankuna da cibiyoyin rance na yankinmu suna musayar bayanan masu cin bashi, saboda haka gudu daga wannan zuwa wancan ba ya ɓoye komai. Idan suka yi maka tayin sabon rance babba da zai haɗiye tsofaffin, tambayi abu uku kafin ka sa hannu: jimillar da za ka biya har ƙarshe, kuɗin buɗe dosiye da inshora, da tarar biya kafin lokaci. Sau da yawa abin da ake cira a wata yana raguwa, shekaru kuma su ƙaru, jimilla ta haura. Ni ban taɓa ba wa kowa shawarar karɓa ba sai in zai kashe bashin mai tsananin ruwa da shi, kuma ba zai taɓa ragowar ba.

7. Kashe su bi da bi

Kowa ya samu ɗan abin da aka yi masa alkawari, sauran kuɗin yaƙi duka a tara kan bashi ɗaya har ya mutu. Wanda ya mutu, abin da ake ba shi ya koma kan na gaba. Tsarin da nake bi: mai jan layi da farko, sai wanda zai iya fid da kai daga gida ko ya ci maka gona, sai ƙanana, banki a ƙarshe tunda shi yana cirar nasa da kansa.

Malamin a watan farko ya haɗa 25 da kuɗin waya, ya sallami mai ruwa, ya jefa 5 a gwangwani. Daga wata na biyu kuɗin yaƙi ya koma 30: 10 ga mai gida, 10 don sauko da abansi, 5 kanti, 5 gwangwani. Ƙarshen wata na biyar haya ta daidaita, abansi ya mutu, adashi ya ƙare, kuɗin yaƙi ya kai 42. A takarda, wata na tara zai gama da kanti, da mai rago, da surukinsa. A zahiri wata 11 ya ɗauka, don damina ta zo da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara biyu, ga kuma komawar lakkol a Oktoba. Gwangwanin nan ne ya hana shi komawa wurin mai ruwa. Shi ya sa nake nacewa a kansa tun watan farko, ko da ana ganin kamar jinkirta biya ne.

In basussukanka duk babu ruwa a kansu, fara da mafi ƙanƙanta. Ganin layi ɗaya an soke shi da jan bik yana ƙara wa mutum ƙarfi fiye da yadda za ka zata. In kuma wani daga masu binka ya fi ka shiga matsi, kamar gwauruwar da ta ba ka jarinta, ita ce gaba da kowa.

Abu biyu na roƙe ka. Kada ka ci sabon adashi don ka biya tsoho, kuma kada ka kai kuɗin yaƙi wurin cacar ƙwallo da sunan ninkawa. Na ga saurayi ya kai wata shida yana tafiya daidai, ya rusa komai a daren Asabar ɗaya. Wanda kuma bashi ya yi masa katutu ta hanyar ciwo ko gobara, ya sani mabarta, wato waɗanda bashi ya kama, suna cikin mutum takwas da aka ambata a ayar zakka, babu abin kunya in ya kai kukansa ga liman.

8. Tare hanyoyin da bashi ke dawowa

Duba kayenka za ka ga bashin gida yana da lokutansa: azumi da kayan sallah, layya, komawar lakkol, da tsakiyar damina in hatsi ya yi tsada. Babu ɗaya cikinsu da ke zuwa ba zato. Raba kuɗin kowanne gida 12, ka riƙa cirewa duk wata.

Hatsi a saye shi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da tiya ke ƙasa. Kasuwar Mirya ta Lahadi da kasuwannin ƙauye sukan fi cikin gari sauƙi, in ka haɗa kuɗin mota da maƙwabci. Buhu biyu a ɗaki sun raba ka da rabin littafin mai kanti. Rago kuma a sayi ƙarami wata biyar ko shida kafin layya, a tanadi harawa da dusa tun suna arha. Shekarar da babu hali, a tambayi malamai: layya tana kan mai iko ne. Ni na yi sallah biyu ban yanka ba, maƙwabta suka aiko da nama, yara suka ci.

Ga mata, ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, wuri ne mai kyau na ajiya, muddin akwatin na da makullai a hannun mutane daban-daban kuma ana ƙirga kuɗi a gaban kowa. A adashi, in kana da zaɓi, karɓi kwasar ƙarshe. Ta farko bashi ce, ta ƙarshe ajiya.

Biki da suna a yi daidai ruwa daidai tsaki. Kafin ka tsaya wa wani a banki, ka ɗauka kai za ka biya, in ba za ka iya ba ka ba shi haƙuri tun a tsaye. Ni ƙa'idata, duk abin da ake cira na bashi kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa.

Watan da banki ya yi cirarsa ta ƙarshe, je ka karɓi takardar shaidar cewa ka gama, ka duba wata mai zuwa ko cirar ta tsaya da gaske. Za su yi maka tayin sabon rance a ranar, ka ce sai ka yi shawara. Jika 35 ɗin nan da ka saba rayuwa babu ita, kada ka bari ta kwana a asusun da katinka ke ciki. Buɗe asusun ajiya marar kati, ka sa a riƙa tura ta can ranar da albashi ya shigo, har ta kai kuɗin cefanen wata uku kafin ka fara maganar bulo ko fili.